Siffanta Macijin Tarihihi: Macijiyar Kusugu ta Daura da Takwaranta na Arewacin Turai

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin Hausa wanda bai ji labarin macijiyar rijiyar Kusugu ba. Ana karanta shi a firamare, ana maimaita shi a sakandare, sa'an nan a sake cin karo da shi a jami'a cikin darasin adabin baka ko na tarihi. Amma idan aka ce wa ɗalibin nan ya siffanta macijiyar, nan take zai shiga kame-kame. Wani zai ce mesa ce, wani ya ce gamsheƙa, wani kuma ya ba ta kawuna bakwai da fukafukai da wuta a baki, kamar dodannin da ake gani a majigin Turawa. Kowannensu yana zaton abin da ya faɗa yana cikin labarin tun asali.

Matsalar ta fi ƙarfin aji, domin a kan wannan labari ne aka ɗora bayanin asalin Hausa Bakwai, kuma masarautar Daura tana riƙe da shi a matsayin tushen martabarta. Duk siffar da malami ya ƙara da ka, ɗalibinsa zai rubuta ta a kundin digiri, wani ya ɗauko daga kundin ya sa a littafi, bayan 'yan shekaru ta zama "abin da magabata suka ce". Manufar wannan maƙala ita ce fito da ƙa'idojin da za su taimaka wajen siffanta irin wannan maciji daidai da riwaya. Domin ƙa'idojin su fito fili, za a jera macijiyar Kusugu da wani maciji na tarihihin mutanen arewacin Turai, wato Yormungandar, wanda masana suka daɗe suna fama da irin wannan matsala a kansa.

2.0 Macijiyar Kusugu a Bakin Riwaya

Labarin ya zo ta hanya biyu: ta bakin masu riƙe da tarihin fada, da kuma ta rubuce-rubucen malamai, waɗanda daga baya Turawa suka fassara. E. J. Arnett ya buga fassarar wata riwaya a 1910, H. R. Palmer ya kawo wasu a cikin Sudanese Memoirs a 1928, W. K. R. Hallam ya yi nazarin labarin a 1966, sa'an nan M. G. Smith ya tattauna shi cikin The Affairs of Daura a 1978. Riwayoyin sun saɓa a wurare da dama, amma ƙashin bayansu ɗaya ne.

Abuyazidu, wanda aka fi sani da Bayajida, ya taso daga Bagadaza ya sauka Borno, ya auri 'yar Mai, daga baya ya gudu da ita yamma. Ya bar ta a Garun Gabas, inda ta haifi Biram. A Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura da dare, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa. Tsohuwa ta ce ba a samun ruwa a garin sai ranar Juma'a, saboda macijiyar da ke cikin rijiya. Ya karɓi guga ya tafi, ya zura, macijiya ta ɗago kai, ya sare kan ya jefa a jaka, ya ɗebi ruwa ya koma masauki. Da gari ya waye aka ga gangar jikinta a bakin rijiya. Sarauniya Daurama ta yi shelar cewa za ta ba wanda ya kashe ta rabin gari. Mutane suka yi ta kawo kawunan macizai, ba wanda ya dace da gangar jikin, sai na baƙon. Shi kuwa ya ce aurenta yake so maimakon rabin gari. Ta haifa masa Bawo, kuyangar da ta ba shi ta haifi Karɓagari. 'Ya'yan Bawo shida, tare da Biram, su ne aka ce sun kafa Hausa Bakwai.

Abin lura a nan shi ne ƙarancin siffa. Riwayar ta faɗi mazaunin macijiyar, da sunanta, da abin da take hanawa, da ranar da take bari, da yadda aka kashe ta. Launin jikinta da tsawonta da irin macijin da take ba sa cikin abubuwan da riwayoyin suka haɗu a kai.

3.0 Macijin Midgad

Mutanen Norwe da Suwidin da Denmak da tsibirin Aisilan, kafin su karɓi addinin Kirista, suna da labaran ababen bautarsu. Mafi yawan abin da aka sani game da su ya fito ne daga littattafai biyu da ake kira Edda. Ɗaya na zube ne, wanda Snorri Sturluson (1179–1241), mutumin Aisilan, ya rubuta wajen 1220. Ɗayan kuwa tarin waƙoƙi ne, wanda babban kwafensa, Codex Regius, aka rubuta shi wajen 1270.

Bisa ga Snorri, Yormungandar ɗan Loki ne, uwarsa wata ƙatuwa ce mai suna Angarboda, 'yan'uwansa kuwa su ne kyarkecin nan Fenrir da Hel, mai mulkin gidan matattu. Odin, shugaban ababen bautar, ya jefa shi cikin tekun da ya kewaye duniyar mutane, wadda suke kira Midgad. A can ya yi ta girma har ya zagaye ƙasa duka ya ciji wutsiyarsa. Wannan ya sa ake ce masa Macijin Midgad.

Sau uku ya gamu da Tor, abin bautarsu na tsawa, mai guduma. Karo na farko a fadar wani sarkin ƙattai ne, inda aka rufe idon Tor da sihiri aka nuna masa macijin a siffar kyanwa, aka ce ya ɗaga ta, bai iya raba komai da ƙasa ba sai ƙafarta ɗaya. Karo na biyu Tor ya shiga jirgi da wani ƙato mai suna Himir, ya sa kan bijimi a ƙugiya ya jefa. Maciji ya haɗiya, Tor ya jawo shi har kansa ya fito, sai Himir ya tsorata ya yanke igiya. Karo na uku shi ne ranar tashin duniyarsu, Ragnarok, inda Tor zai kashe macijin, ya yi taku tara, dafi ya kayar da shi matacce.

4.0 Ƙa'idojin Siffantawa

4.1 A ambaci riwayar da aka ɗauko

Ƙa'ida ta farko ita ce kowace siffa a jingina ta ga mai ita. Labarin fatsar Tor ya isa misali. A wata waƙa ta ƙarshen ƙarni na 10, Húsdrápa ta Úlfr Uggason, ana fahimtar cewa Tor ya fille kan macijin a nan cikin teku. Snorri ya san da wannan magana, ya ambace ta, sa'an nan ya nuna cewa shi a ganinsa macijin yana nan da rai. Wanda ya rubuta cewa "Tor ya kashe macijin a wurin fatsa" yana da riwayar da ta goyi bayansa, haka ma wanda ya rubuta cewa macijin ya tsira. Laifi yana kan wanda ya kawo ɗaya ya yi shiru da ɗayar.

Haka abin yake a Daura. Wasu riwayoyi sun kawo cewa da aka ga macijiyar kwance, Galadima ya kasa matsawa kusa, Kaura ne ya je ya taɓa ta ya tabbatar ta mutu. Wannan ƙari yana da ma'ana babba ga mai nazarin sarautun fada, domin yana bayyana matsayin Kaura na jarumin yaƙi. Wajibi ne mai rubutu ya ce "a riwaya kaza", ya faɗi inda ya ji ta ko ya karanta ta, da wanda ya ba shi, da shekarar.

4.2 A yi hattara da suna

Sunan macijiyar ya zo iri biyu, Sarki da Ki, kuma akan kira ta dodo. Daga na farko aka sami laƙabin Makas-Sarki, wato wanda ya kashe Sarki. Daga na biyu aka sami bayanin nan da ya yaɗu, cewa kalmar "sarki" ta samo asali ne daga "sare Ki". Bayanan biyu ba za su zama asali a lokaci guda ba. In sunanta Sarki tun tana raye, to kalmar ta riga saran. In kuwa daga saran kalmar ta fito, to ba a kira ta Sarki ba sai bayan ta mutu.

Nazarin harshe ma yana da abin cewa. Aikatau "sara" yana da dogon wasali a gaɓar farko. Kalmomin da suke tushe ɗaya da "sarki", wato "sarauta" da "sarauniya" da "sarakuna", gajeren wasali gare su a wannan gaɓa, alhali kuwa gaɓar a buɗe take, ba abin da zai tilasta gajarta shi. Wannan ya nuna tushen "sarki" dabam yake da na "sara". Bayanin "sare Ki" yana cikin jerin fassarar suna irin ta jama'a, kamar yadda ake fassara Bayajida da "ba ya ji da", da Karɓagari da "karɓa gari". Irin wannan fassara adabi ce mai daraja, kuma a matsayin adabi ya kamata a kawo ta.

Sunan Yormungandar ma yana da tasa sarƙaƙiyar. Kashin farko na kalmar yana nufin abu mai tsananin girma. Kashi na biyu kuwa masana sun fassara shi da sanda, da sihiri, da dodo. Mai fassara zuwa Hausa da ya zaɓi ɗaya, ya kyautu ya sanar da mai karatu cewa zaɓi ya yi.

4.3 A bambance jinsi da iri

Hausa tana tilasta wa mai magana ya zaɓi jinsi: ko maciji ya fito, ko macijiya ta fito. A bakin masu ba da labarin Kusugu an fi jin "macijiya", ga shi kuwa sunanta Sarki, suna na namiji, a garin da mace ke mulki. Wannan abin nazari ne a kan kansa, kuma yana ɓacewa a fassarar Ingilishi, inda lamiri ɗaya yake wadatar da dabba ko wace iri ce. Wanda ya ɗauko labarin daga fassarar Turawa ya mayar da shi Hausa yana iya sauya jinsin bai sani ba.

Game da iri, Bahaushe yana da sunaye masu yawa: mesa, gamsheƙa, kumurci, kasa, kububuwa, tsadaraki, da sauransu. Kowanne yana ɗauke da halinsa. Mesa ba ta da dafi, naɗe dabba take yi ta matse. Kumurci yana fesa dafi a ido. Kasa gajera ce mai kauri da nauyin jiki. Da zarar marubuci ya ce macijiyar Kusugu mesa ce, ya ɗora mata hanyar kisa da girma da kamanni waɗanda riwaya ba ta ɗora mata ba. Kalmar "macijiya" ita ce ta tsaya inda riwaya ta tsaya.

A harshen tsofaffin mutanen arewacin Turai, kalmar "ormr" ta haɗa maciji da tsutsa da dodon nan mai kama da maciji. Daga nan ne masu zane na zamani suka sami ƙofar ba Yormungandar fukafukai da ƙafafu da harshen wuta. Abin da Snorri ya ba shi shi ne jiki mai zagaye duniya, da ido mai ban tsoro, da dafin da yake fesawa.

4.4 A auna girma da ma'aunin labarin

Ba a auna macijin tarihihi da ƙafa ko mita, sai da abin da labarin ya jingina shi da shi. Ma'aunin Yormungandar duniya ce: tsawonsa shi ne kewayen ƙasa. Duk wani adadi da aka rubuta bayan wannan ƙirƙira ce.

Ma'aunin macijiyar Kusugu kuwa ana iya fitar da shi daga abubuwa uku da riwaya ta faɗa. Na ɗaya, tana zaune cikin rijiya. Na biyu, mutum ɗaya ya sare kanta da wuƙa ya ɗauke shi a jaka. Na uku, kawunan macizan da mutanen gari suka kawo ba su dace da jikinta ba. Abu na uku yana nuna ta bambanta da macizan da aka saba gani, na ɗaya da na biyu kuma suna iyakance girmanta. Mesar Afirka, wadda ita ce mafi girman macizan wannan nahiya, da wuya take wuce mita 6. Ke nan macijiyar riwaya ba ta yi nisa ƙwarai da abin da idon mutum zai iya gani ba, saɓanin takwaranta na Turai. Wanda ya zana ta tana rufe sararin garin Daura ya ɗauko ma'aunin wani labari ya aza wa wannan.

4.5 A siffanta aiki kafin kamanni

Tarihihi ya fi damuwa da abin da maciji yake yi a kan yadda yake. Macijiyar Kusugu tana tsare ruwa, tana sa wa gari doka, tana ware rana ɗaya cikin bakwai. Wannan aikin mai mulki ne, kuma ya dace da sunan Sarki. Mutuwarta ta buɗe rijiya, ta kawo aure tsakanin baƙo da sarauniya, ta mayar da mulki daga hannun mata zuwa hannun maza. Yormungandar kuwa iyakar duniya ne, kuma mutuwarsa tana tafe da mutuwar wanda ya kashe shi da rushewar duniyar baki ɗaya. Kashe ɗaya mafarin daula ne, kashe ɗayan ƙarshen zamani.

A nan ne kwatance da maƙwabta ya fi amfani. Cikin Tarikh al-Sudan, wanda Abdurrahman al-Sa'adi ya rubuta a tsakiyar ƙarni na 17, an kawo labarin wani baƙo daga Yaman da ya iso Kukiya, ya tarar mutane suna bauta wa wani kifi mai zobe a hanci, ya soke shi, suka naɗa shi sarki. Zubin wannan labari na Sanwai ya yi kusa ƙwarai da na Daura. A wajen Soninke kuwa akwai Bida, macijin Wagadu, wanda ake ba budurwa a matsayin hadaya, shi kuma ya ba da ruwan sama da zinariya. Da wani saurayi ya kashe shi don ya ceci budurwarsa, sai fari ya sauka, daula ta watse. Al-Bakri ma, a 1068, ya ba da labarin wasu mutanen yammacin Sudan masu girmama wani babban maciji da ke zaune a kogo. Kawuna bakwai da hadayar budurwa sanannu ne a labarin Bida da wasu tatsuniyoyin dodo, kuma ta irin wannan maƙwabtaka suke iya zamewa su shiga bayanin Kusugu in marubuci bai lura ba.

4.6 A tuna da zamanin mai rubutawa

Aisilan ta karɓi addinin Kirista wajen shekara ta 1000. Snorri ya yi rubutunsa bayan haka da shekara fiye da 200, kuma shi kansa Kirista ne. A gabatarwar littafinsa ya mayar da ababen bautar kakanninsa mutane, ya ce daga birnin Taroyi suka taso suka yi hijira zuwa arewa. Wato ya nema musu asali a birnin da masu ilmin zamaninsa suke girmamawa. Mai nazarin Hausa zai ga kamannin wannan da fitowar Bayajida daga Bagadaza, da ta sarkin Kukiya daga Yaman. Ranar Juma'a a cikin labarin Kusugu ita ma alama ce ta bakin Musulmi da labarin ya ratsa.

Wannan ba ya nufin kome da kome ƙirƙirar marubuta ne. A dutsen Altuna na ƙasar Suwidin, wanda aka sassaƙa a ƙarni na 11, an zana Tor cikin jirgi ƙafarsa ta huda ƙasan jirgin, kamar yadda Snorri ya faɗa daga baya. A Gosforth ta ƙasar Ingila ma akwai dutse mai zanen wannan fatsa. Duwatsun sun tabbatar da cewa wannan yanki na labarin ya girmi littafin. A Daura shaidun da ke wajen takarda su ne rijiyar kanta, wadda aka kewaye da gini ana ziyartarta, da makamin da fada take ajiye da shi a matsayin na Bayajida, da sarautun Magajiya da Kaura da Galadima, da bikin Gani. Waɗannan suna tabbatar da daɗewar labarin a rayuwar gari da matsayinsa a fada. Siffar macijiyar kuwa ba ta cikin abin da za su iya tabbatarwa.

Masana tarihi sun saɓa a kan abin da labarin yake nufi. Hallam ya danganta Bayajida da Abu Yazid, wanda ya yi wa Faɗimawa tawaye a arewacin Afirka ya mutu a 947. Abdullahi Smith, a 1970, ya yi shakkar ɗaukar labarin a matsayin bayanin yadda daulolin Hausa suka kafu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, cikin Infaƙul Maisuri, ya kawo Bawo ne a matsayin bawan sarkin Borno. Fassarar da ake yawan ji, cewa macijiyar tana wakiltar tsohon addinin gargajiya wanda baƙo ya kawar, ra'ayin manazarta ne. Yana da hujjojinsa, amma wurinsa shi ne sashen sharhi.

5.0 Gwaji

Ga jimloli biyu da za a iya auna su da ƙa'idojin da suka gabata:

(a) Wata ƙatuwar baƙar mesa mai kawuna bakwai, wadda mutanen Daura suke bauta wa, ta hana su ruwa shekara da shekaru.

(b) Riwayoyin Daura sun ce wata macijiya, wadda ake kira Sarki ko Ki, tana zaune a rijiyar Kusugu, ba ta barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajida ya sare kanta.

Jimla ta (a) ta fi daɗin ji, amma ta ƙunshi abubuwa huɗu da ba a jingina su ga kowa ba: launi, da iri, da yawan kawuna, da bauta. Na ƙarshen fassara ce aka shigar da ita cikin riwaya. Jimla ta (b) ta faɗi mai maganar, ta kawo sunayen biyu, ta riƙe jinsin, ta tsaya a kan aiki. Marubucin wasan kwaikwayo ko mai zane yana da 'yancin ya bi hanyar (a), muddin an san aikinsa na ƙagawa ne. Malami a aji da mai rubuta kundi hanyar (b) ce tasu.

6.0 Kammalawa

An ga cewa siffanta macijin tarihihi yana bukatar abubuwa shida: ambaton riwaya, hattara da suna, bambance jinsi da iri, auna girma da ma'aunin labarin, gabatar da aiki a kan kamanni, da tuna zamanin mai rubutawa. Masu nazarin Edda sun ci moriyar jera waƙoƙi da zube da zanen duwatsu gefe da gefe, har suka gane abin da ya girmi Snorri da abin da ya zo daga alƙalaminsa. Irin wannan aiki ne ya kamaci labarin Kusugu: a tattara riwayoyin baka na Daura da Zango da Ɓaure, inda zuriyar sarakunan Daura ta zauna bayan jihadi, a naɗe su da Hausar masu faɗarsu, a jera su da rubutattun riwayoyi da fassarorin 1910 da 1928, sa'an nan a duba kalma bayan kalma abin da kowace ta ce game da macijiyar. Sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina suna da ɗaliban da za su iya ɗaukar wannan aiki, kuma dattawan da ke riƙe da riwayoyin ba za su dawwama ba.